Sau biyu sun ce a'a: in sake nema ko in haƙura?

"Assalamu alaikum Anti Dakta. Ina zaune a Ingila, shekaruna 27. Na karanci saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam, na fita da sakamakon 2:1, mataki na biyu mafi girma a digiri, na yi shekara biyu ina taimaka wa ma'aikatan jinya a sashen masu taɓin hankali, yanzu wata takwas ke nan ina aikin mataimakiyar saikolojis a NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati. Bara na nemi gurbin horon zama saikolojis na asibiti, cikin jami'o'i huɗun da na zaɓa babu wadda ta kira ni ko intabiyu. Bana guda ɗaya ta kira ni, na je, makon jiya suka aiko cewa ba su ɗauke ni ba. Ƙawata da muka cike fom tare ita ta samu. Ina taya ta murna, amma raina kamar ana soya shi. Barci ya ƙaurace mini, kunyar shugabata nake ji a wurin aiki, Hajiyarmu kuma duk ran da ta kira daga Kano sai ta ce anya ba zan nemi wani abin ba. In sake nema karo na uku, ko alama ce wannan ba hanyata ba ce?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah ya sanyaya miki. Na karanta saƙonki sau biyu, kuma na ga tambayoyi biyu ne suka sarƙe a cikinsa. Ta farko, yaya za ki yi da wannan ciwon da ke hana ki barci. Ta biyu, me za ki gyara idan za ki sake nema, kuma ko neman ma ya dace. Kina ƙoƙarin amsa ta biyun alhali ta farkon tana ci miki rai, shi ya sa kowace amsa da kika ba kanki take fitowa da ɗaci. Bari mu raba su.

Amma kafin nan, ga yadda filin yake, don masu karatu da ba su san shi ba, kuma don ke ma ki sake dubansa da idon da ba hawaye. A Birtaniya horon nan digirin digirgir ne na shekara 3. Yawancin jami'o'i ta hanyar ofishi guda ake neman su, wato Clearing House da ke Jami'ar Leeds, kuma kwas huɗu kawai aka yarda mutum ya zaɓa a shekara. Dole sai digirinka ya samu amincewar ƙungiyar masana saikoloji ta Birtaniya, BPS, kafin a ma duba fom ɗinka. Wanda aka ɗauka a gurbin NHS, ba ya biyan kuɗin makaranta, ma'aikaci ne mai albashi a mataki na 6 na tsarin albashin NHS, idan ya gama kuma ya yi rajista da HCPC, hukumar da ke ba da izinin yin wannan aiki, ya fara aiki. To tunda gwamnati ce ke biya, yawan gurabe bai dogara da yawan mutanen da suka cancanta ba, ya dogara ne da kuɗin da aka ware. A 'yan shekarun nan, cikin kowane mutum huɗu zuwa biyar da suka nema, ɗaya ne ke samu. Kafin a ƙara gurabe a 2020 abin ya fi haka tsanani. Ma'ana, kowace shekara ana mayar da dubban mutane gida, kuma da yawansu da an ɗauke su da sun yi aikin da kyau. Na zauna a kwamitin tantance takardu, na sha ajiye fom ina jin zafin ajiye shi, don maki ɗaya ko biyu ne suka raba shi da wanda ya wuce.

Ciwon tukuna

Ni a karo na uku na samu. Na biyun ne ya fi gigita ni. Ina cikin mota a wurin ajiye motoci na asibitin da nake aiki, ana yayyafi, saura minti goma in shiga in jagoranci zaman tsofaffi masu ciwon mantuwa, sai saƙon ya shigo wayata. Layin farko kawai na karanta. Na kifa wayar a kujera, na riƙe sitiyari da hannu biyu ina kallon ruwa yana gangarowa a gilashi, na kasa ko kuka. Na shiga na yi zaman, na raba shayi, na yi dariya inda ake dariya. Sai da na koma gida na tayar da sallar Magariba sannan hawayen suka zo. Na ba ki wannan ne don ki san abin da kike ji ba raki ba ne.

A 2003 Naomi Eisenberger da Matthew Lieberman da Kipling Williams sun yi wani bincike da ya yi suna. Sun sa mutane a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna wasan jefa ƙwallo a kwamfuta, can sai sauran 'yan wasan suka daina jefo musu. Wani ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke motsawa idan mutum yana jin raɗaɗin ciwon jiki, shi ma ya motsa a lokacin. Masana na ta muhawara har yau kan iyakar kamannin ciwon biyu, amma abin da duk mai aikin asibiti ya sani shi ne, a ware mutum a ce ba da shi ba, jiki ma yana amsawa. Barci ya lalace, abinci ya fita a rai, ƙirji ya yi nauyi. Mako ɗaya kacal da samun labari, wannan duk cikin ƙa'ida yake.

Abin da nake tsoro a kanki shi ne saƙa da warwara. Edward Watkins na Jami'ar Exeter ya daɗe yana nazarin irin tunanin nan mai zagaye wuri guda, ya kuma bambance salo biyu. Akwai tunanin "me ya sa": me ya sa ni, me ya sa kullum haka, me ke damuna. Wannan ba shi da ƙasa, ko kin kwana kina haƙa ba za ki tarar da ruwa ba. Akwai kuma tunanin "me ya faru": wace tambaya aka yi mini, me na ce, a ina na tsaya, me zan ce da yau ne. Na farkon yana zurfafa baƙin ciki, na biyun yana kai mutum ga mataki. Tambayarki ta ƙarshe, ko alama ce ba hanyarki ba ce, 'yar gidan "me ya sa" ce. Idan ta zo miki ƙarfe biyun dare, ki gane ta, ki ce mata sai da safe.

Don haka shawarata, ki ba kanki mako uku ba ki taɓa maganar fom ba. Ki rufe sanarwar zaurukan WhatsApp na masu nema, inda kowa ke shelar inda ya samu. Ki riƙe lokacin kwanciya da na tashi ko da barcin bai zo ba, ki fita ki taka ƙafa, ki je inda ake saninki ba don saikoloji ba. Abu ɗaya ne kawai ba zai jira mako ukun ba: yau ɗin nan ki ɗauki takarda ki rubuta duk tambayoyin da aka yi miki a intabiyu da abin da kika amsa, yadda kika tuna su, ba tare da yi wa kanki hukunci ba. Ki ninke ki ajiye. Nan da wata ɗaya rabinsu sun gudu daga kanki, kuma takardar nan za ta yi miki amfani fiye da kowace shawara tawa.

Maganar ƙawarki kuwa, kada ki ɗora wa kanki laifin hassada. Mai hassada so yake ni'imar ta gushe daga wani. Ke ba ki so ta rasa ba, so kike da kun samu tare. Za ki iya ce mata, "Wallahi na yi miki murna, amma ki ɗan ba ni lokaci kafin mu yi hirar kwas." Ƙawar kirki za ta fahimta, kuma nan gaba ita ce za ta fi kowa iya duba miki fom.

Shugabarki ma ki gaya mata a zamanku na gaba. Da wuya a ce ita kanta ko wasu abokan karatunta ba su ɗanɗani irin wannan ba, kuma ɓoyewar ce ke ciyar da kunyar. Idan kuwa aka wuce mako biyu zuwa uku abin yana ƙaruwa, ba kya cin abinci, ba abin da ke miki daɗi, aiki ya gagara, ki ga likitanki na unguwa, wato GP, ko ki miƙa kanki ga NHS Talking Therapies, sashen da ke ba da maganin damuwa ta hanyar tattaunawa, ba sai wani ya tura ki ba. In har tunanin cutar da kanki ya taɓa gifta miki, ki kira Samaritans, ƙungiyar masu sauraron wanda ke cikin ƙunci, a 116 123 ko wane lokaci ne, ki kuma faɗa wa wani na kusa a daren. Mu masu wannan aikin mun fi kowa nauyin baki wajen neman taimako, kuma bai kamata ba.

A wace ƙofa aka tsayar da ke?

Idan ƙura ta lafa, ga tambayar da za ki zauna da ita. Ba "an ƙi ni" ɗaya ba ce, ƙofofi ne daban-daban, kowace da makullinta. Bara an tsayar da ke a ƙofar takarda sau huɗu. Bana sau uku a takarda, sau ɗaya a intabiyu. Wannan ci gaba ne na gaske, domin wani kwamiti ya karanta fom ɗinki cikin ɗaruruwa ya ce a kira ki. Amma kuma yana nuna har yanzu takardar ce babbar matsala, tunda bakwai cikin takwas a nan suka tsaya.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya zaɓi kwas saboda gari ko suna, bai karanta yadda suke tantancewa ba. Kowane kwas yana wallafa ƙa'idojinsa a shafin Clearing House, kuma sun sha bamban ƙwarai. Wasu suna ba makin digiri nauyi sosai, har su duba abin da ka ci a darussan bincike da ƙididdiga. Wasu jarrabawa suke shiryawa, ita ce ke fitar da waɗanda za a kira. Wasu sun fi kallon irin aikin da ka yi da abin da ka koya a ciki. Ki ja layi a takarda, gefe guda ki jera abin da kowane kwas ya ce yana nema, ɗaya gefen ki rubuta hujjar da ke cikin fom ɗinki. Inda kika tarar da fili, nan ne aikin bana. Mai 2:1 da ba ta da digiri na biyu, idan ta zuba zaɓinta huɗu duka a kwasa-kwasan da ke auna makin jami'a da mudu, ta wahalar da kanta tun kafin a fara.

Za ki ji ana ce miki ki je ki yi digiri na biyu. Wani lokaci shawara ce mai kyau, musamman idan makinki na bincike ya yi rauni. Amma kuɗi ne masu yawa, kuma ban yarda mutum ya ci bashi don kawai huce takaici ba. Tambayi shugabarki tukuna ko akwai aikin tantance ingancin hidima da sashenku ke buƙata, wanda za ki tattara bayanai, ki yi lissafi, ki rubuta rahoto, ki gabatar a gaban ma'aikata. Irin wannan aikin yana nan jibge a kusan kowane sashe ba mai lokacin yinsa, kuma yana nuna kin iya bincike a inda ake buƙatarsa.

Yanzu ga inda na fi so ki tsaya, wato yadda ake rubuta abin da aka yi. A fom ɗina biyu na farko jeri na yi: na yi aiki da tsofaffi, na yi da masu ciwon damuwa, na halarci tarukan ma'aikata, na koyi muhimmancin sauraro. Duk gaskiya ne, amma mutum ɗari biyar sun rubuta irinsa. A na ukun sai na ba da labarin wani dattijo, na sauya duk abin da zai sa a gane shi. Kullum ƙarfe uku na rana sai ya ɗauki kwat ɗinsa ya tsaya a bakin ƙofar sashen yana jijjiga ta, in an hana shi ya yi faɗa. A takardunsa an rubuta "yana tayar da hankali da yamma", har ana maganar ƙara masa magani. Ni ma haka na ɗauke shi, na yi makonni ina lallashinsa ya zauna. Ran nan 'yarsa ta zo, muna hira ta ce ai shekara da shekaru shi ke ɗauko su daga makaranta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ashe mutumin nan ba rigima yake ba, tsoro yake kada yara su tsaya a bakin titi su kaɗai. Na kai maganar ga mai duba aikina, muka tsara cewa kafin ƙarfe uku wani zai zo ya ce masa yara sun isa gida lafiya, a zagaya lambu da shi ana hirar su. Faɗan ya ragu sosai. Abin da na rubuta a fom bai wuce layi biyar ba, kuma rabinsa a kan kuskurena ne: na karɓi sunan da aka laƙaba wa halinsa ban tambayi me halin ke nufi a wurinsa ba.

Abin da kwamiti ke nema ke nan. Sun san mataimaki ba ƙwararre ba ne, ai shi ya sa yake neman horo. So suke su ga yadda kanki ke aiki idan abu ya rikice, ko kina iya haɗa abin da kika karanta da mutumin da ke gabanki, ko kin san iyakarki. Shekara biyun da kika yi a sashen masu taɓin hankali, kina wanka da ciyarwa da zaman dare da mutanen da ke cikin mawuyacin hali, taska ce. Na lura masu irin wannan aikin sukan raina shi su tura shi ƙarshen fom. Kada ki yi haka.

Haka kuma abin da kika taso da shi. Kin san cewa mutumiyarmu ba za ta ce tana da ciwon damuwa ba, cewa za ta yi ƙirjinta ya yi nauyi, ko tunani ya yi mata yawa, ko jikin ne dai ba daɗi. Kin san iyali kan fara zuwa wurin malam kafin asibiti, kuma kin san wannan ba ya nufin sun ƙi asibiti. Idan wannan sanin ya taɓa sauya yadda kika yi da wani mara lafiya, ki rubuta shi. Amma ba dole ba ne ki baje ciwukan rayuwarki a takarda don a tausaya miki. Abin da kika ga dama ki faɗa, shi za ki faɗa.

Intabiyu

Yawancin kwasa-kwasai ba sa ba da bayani ga wanda aka tsayar a takarda, saboda yawan masu nema, amma da dama suna bayarwa ga wanda ya zo intabiyu. Ki rubuta musu ki nema. Idan ya zo, ki karanta shi tare da shugabarki, ki ɗora shi kusa da takardar nan da kika ninke. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Ni abin da ya kayar da ni a intabiyuna na farko hadda ce. Na haddace amsoshi, da aka juya tambayar kaɗan sai na ba da amsar da na shirya maimakon wadda aka tambaya. Maganin wannan shi ne gwaji da baki, a gaban mutumin da kike ɗan jin nauyinsa, da agogo a kan tebur. Ki roƙi saikolojis biyu da ba ki saba da su ba su yi miki, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki saba da yin tunani a bayyane: a ba ki labarin mara lafiya ki faɗi abin da kika lura da shi, abin da kike son ƙarin sani, inda haɗari yake, da lokacin da za ki kai magana ga na sama da ke. Ki saba da tsara ƙaramin bincike a tsaye, wa za ki tambaya, me za ki auna, me zai iya ɓata sakamakon. Akwai kuma shirye-shiryen jagoranci da kwasa-kwasai da dama ke yi wa masu nema daga ƙananan ƙabilu, inda ake haɗa mutum da ɗalibi ko ƙwararre. Ki nema da wuri. Fom yana buɗewa da kaka a rufe a Nuwamba, don haka masu rubuta miki shaida, na jami'a da na wurin aiki, ki sanar da su tun bazara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, ki sake nema?

Ra'ayina, e. Wadda ta tashi daga babu kira zuwa kira ɗaya, kuma lokacin da ta cike fom ɗin karo na biyun ko wata uku ba ta yi a aikin mataimakiya ba, ba ta kai inda za ta ce an rufe mata ƙofa ba. Zuwa Nuwamba kin haura shekara a aikin, da abin faɗa mai yawa. Sai dai daga nesa nake magana. Wanda ya riƙe fom ɗinki a hannu ya ga aikinki da ido ya fi ni hurumin yanke hukunci, ƙa'idoji kuma suna sauyawa daga shekara zuwa shekara, sai kin karanta na bana da kanki. Kuma ba zan yi miki alkawarin karo na uku zai zama naki don ya zama nawa ba. Na san masu kyau da suka kai karo na biyar, na san waɗanda suka juya suka kama wata hanya suna kuma jin daɗinta.

Hanyoyin suna nan. Akwai digirin digirgir na saikolojin ba da shawara, wanda shi ma HCPC ke yi wa rajista, ko da yake galibi mutum ne ke biya wa kansa. Akwai horon masu ba da maganin tattaunawa a NHS Talking Therapies, akwai bincike zalla. Abu ɗaya za ki kiyaye: a Ingila akwai ƙa'idar cewa wanda NHS ta biya wa wani horon saikoloji yakan jira shekara 2 bayan ya gama kafin ta sake biya masa wani, don haka ki lissafa kafin ki shiga. Ina kuma ba ki shawara, ran da hankalinki ya kwanta, ki yanke wa kanki adadin karon da za ki nema, ki rubuta. Na ga mutane sun jingine aure, sun jingine haihuwa da tafiya gida, shekara shida suna jiran saƙo ɗaya na watan Maris. Wannan ya fi rashin gurbin ɓarna. Ki yi rayuwarki, fom ya bi bayanta.

Hajiya kuwa, tambayarta ta tsoro ce, ba ta raini ba. Tana jin muryarki a waya ta san ba ki da daɗi, ba ta kuma san tsarin ba. Ki kwatanta mata da abin da ta sani, yaran da suka rubuta JAMB sau biyu sau uku kafin su samu gurbin karatun likita, ba don ba su da ƙoƙari ba sai don kujerun sun yi kaɗan. Ki gaya mata kina da aiki da albashi yanzu, ki ba ta lokaci ƙarara: Nuwamba za ki miƙa, amsa kuma sai wajen Maris zuwa Mayu. Sannan ki ba ta aikin da ta fi kowa iyawa, ki ce ta sa ki a addu'a. Tawa mahaifiyar ran da na kira ta ina kuka cewa ta yi wani jinkirin alheri ne, na ji haushin maganar a ranar, don lokacin so nake kawai a ce mini sannu. Idan Hajiya ta faɗa miki irinta, ki karɓa, ki kuma gaya mata kai tsaye cewa yau sannu kike buƙata.

Idan kin ja layin nan na ƙa'idoji da hujjoji bayan mako ukun, ki aiko mini da inda kika tarar da fili, mu duba tare wane kwas huɗu ya fi dacewa da abin da ke hannunki.